Sauti Ya Ɗauke Bayan An Canza Direba? Kada Ka Yi Saurin Yarda A Yi Fomat



Yau darasin namu haɗe yake da ƙorafi, don akwai wata al'ada da ta kama mu a harkar gyaran kwamfuta a wannan yankin, daga nan Mahuta har Funtua da Malumfashi, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a yi magana a kanta. Mutum ya sa wa laftof ɗinsa sabon direban sauti, ko wata manhaja ta sa masa, ko Windows ta sabunta kanta ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Yana sake kunnawa sai shiru. Alamar lasifika da ke can ƙasa gefen dama ta fito da jan kuros, in ka kai maus kanta ta rubuto maka "No Audio Output Device is Installed". Sai a ɗauka a kai wa mai gyara, shi kuma tun bai zauna ba zai faɗi ɗayan biyu: ko dai "katin sautinta ya ƙone", ko kuma "sai an yi mata fomat".

Ni dai ban yarda da ko ɗaya daga cikin amsoshin nan a matsayin amsar farko ba. Kwamfutar da take magana lafiya lau jiya, yau aka taɓa direbanta ta yi gum, da wuya a ce ƙonewa ta yi daidai wannan mintin. Abin da aka taɓa shi ya kamata a fara tuhuma. Kuma gyaransa, in dai ka san inda za ka duba, sau da yawa bai kai lokacin da za ka ɓata kana jiran mota ta cika a tasha ba.

Shi direba tafinta ne tsakanin Windows da wani sashe na jikin kwamfuta. A laftof ma babu wani "kati" da ake zarewa a sake. 'Yar ƙwaya ce ƙarama da aka liƙa a jikin madabod, ita ke mayar da lissafin kwamfuta ya zama ƙarar da kunne ke ji. Kamfanoni daban-daban ne ke yin wannan ƙwaya, kuma a nan ne matsalar tamu take. Yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo, kowane man goge baki Makilin, haka yaran shago suke kiran kowane direban sauti Realtek. Suna da fayil ɗaya a filash, duk kwamfutar da ta zo sai a ɗura mata shi.

Alhali kuwa ka duba kwamfutocin gwanjo da suka fi yawa a hannunmu, irin waɗanda ake sarowa daga Beirut Road a Kano ko Computer Village a Legas. HP EliteBook 8470p ƙwayar IDT gare ta. EliteBook 840 G3 Conexant ce. Lenovo ThinkPad T420 Conexant ce, ƙanwarta T430 kuma Realtek. Ka ga ke nan kamfani ɗaya, suna kusan ɗaya, amma ƙwayar ciki daban. In ka tilasta wa mai Conexant direban Realtek, kamar ka ajiye tafintan Yarbanci ne tsakanin Bahaushe da Bafulatani. Duk ukun lafiyarsu ƙalau, amma ba mai jin wani. Windows ta yi kira ba a amsa ba, sai ta ce maka babu na'urar sauti. Tana nan, tafintan ne ba nata ba.

To ya za ka san wace ƙwaya ce a taka? Ba sai an kwance ta ba. Danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi Device Manager. Nemi layin da aka rubuta "Sound, video and game controllers" ka buɗe shi. In ba ka ga komai a nan ba, duba "Other devices". Sau da yawa za ka tarar da wani abu mai alamar motsin rai ruwan ɗorawa an rubuta masa "Audio Device on High Definition Audio Bus". Danna shi sau biyu, ka shiga Details, a jerin da ke ciki ka zaɓi "Hardware Ids". Za ka ga dogon rubutu mai kama da lambar katin waya. Kada ya tsorata ka, haruffa huɗun da ke gaban VEN kawai kake nema. In ka ga 10EC, Realtek ce. 14F1, Conexant. 111D, IDT. Wannan lambar daga jikin ƙwayar take fitowa, don haka ganinta kaɗai ya ishe ka hujja cewa ƙwayar tana raye, tunda matacce ba ya faɗin sunansa. Ɗauki hoton wurin da wayarka ka ajiye. Duk wanda ya ce maka ta ƙone, ka nuna masa.

Daga nan abu na farko shi ne ka mayar da tsohon tafinta. A wannan tagar dai, shiga Driver, za ka ga "Roll Back Driver". In yana dannuwa, danna, ka sake kunna kwamfutar. Wallahi akwai kwamfutoci da yawa da aka shafe kaf saboda matsalar da wannan maɓalli ɗaya zai warware. In kuma ya yi fari-fari ba ya dannuwa, ma'ana Windows ba ta riƙe tsohon ba, wataƙila an riga an goge shi kafin a sa sabon.

Sai ka koma mataki na gaba, ka cire wanda bai dace ba. Danna "Uninstall device". Akwai ɗan akwati da zai fito a ƙasa, wanda mutane ke tsallakewa: a Windows 10 an rubuta "Delete the driver software for this device", a Windows 11 kuma "Attempt to remove the driver for this device". Sai ka yi masa alama. In ba ka yi ba, kana sake kunnawa Windows za ta sake ɗauko wannan baragurbin ta mayar, kai kuma ka ce ka gwada bai yi ba. In ka cire shi yadda ya kamata, yawanci da kanta za ta sa nata direban na gama-gari.

Mutane da yawa ba su san da wannan na gama-garin ba. Tun 2004 Intel ta fito da tsarin da ake kira High Definition Audio, masu yin ƙwayoyin nan suka bi shi, Microsoft kuma tun daga Windows Vista take saka direba guda a cikin Windows wanda ke iya magana da kusan duk ƙwayar da ta bi tsarin. Yana cikin kwamfutarka yanzu haka, ba ya buƙatar data ko ta sisi. In bai hau da kansa ba, danna "Update driver", sai "Browse my computer for drivers", sai "Let me pick from a list", ka zaɓi "High Definition Audio Device". Zai yi maka gargaɗi, ka ce masa eh. Gaskiya ba shi da daɗin na asali: wani lokaci ƙarar takan ragu, wani lokaci makirfon ya yi gardama. Amma in sauti ya fito, an gama musu. Sauran aiki nemo direban da ya dace ne kawai.

Shi kuma wanda ya dace, a shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ake samunsa, ba a shafin da ya fara fitowa a Google ba, ba kuma a wani guruf na WhatsApp ba. Juya kwamfutar ka duba ƙasanta. Dell suna da Service Tag mai haruffa da lambobi 7, HP da Lenovo suna da lambar siriyal. Ita za ka rubuta a shafinsu na tallafi, su fito maka da direbobin wannan kwamfutar takamaimai. Dalilin da na nace a kan wannan shi ne, ko da ƙwayar Realtek ce, HP da Dell kowa da yadda ya haɗa wayoyinta zuwa lasifika da ramin iyafis, kuma direbansa ne ya san wannan haɗin. Tunda yawancinmu da waya muke hawa intanet, sauke shi a wayar, ko da dare in kana da datar dare, don wasu sun haura MB 200, sannan ka tura shi kwamfuta ta kebul. Ka ajiye kwafi a memori. Wata rana zai yi maka rana.

Masu sababbin kwamfutoci, akwai ƙarin wuri ɗaya. Da yawansu sautin yana bi ta wani sashe da ake kira Intel Smart Sound Technology, kuma shi ba a layin sauti yake zama ba, yana ƙarƙashin "System devices". In shi ne ya sami matsala, layin sauti gaba ɗaya kan ɓace, ka yi ta nema ba ka ga abin da za ka cire ba. Buɗe can ka duba ko akwai mai alamar ruwan ɗorawa. In ka ga Code 10, na'urar ta kasa tashi ne. Code 28 kuma babu direba kwata-kwata. A irin waɗannan kwamfutocin na gama-garin ba lallai ya yi aiki ba, sai na kamfani.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sa cin minti biyu, su ma a duba. Danna Windows da R ka rubuta services.msc, ka tabbata "Windows Audio" da "Windows Audio Endpoint Builder" suna aiki. Ka rubuta mmsys.cpl, ka danna dama a farin fili ka zaɓi "Show Disabled Devices", ko an kashe lasifikar ne ba a sani ba. Wanda kuma ya saba jona laftof da talabijin ta HDMI don kallon ƙwallo, ya duba ko sautin can yake tafiya.

Yanzu mu dawo kan fomat, don a nan ne abin yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Wa ke da kwamfuta a garuruwanmu? Ɗalibin da ke ABU Zariya ko jami'ar Dutsin-Ma, wanda mahaifinsa ya sayar da buhunan masara ko waken suya da kaka ya saya masa, kuma furojet ɗinsa na shekarar ƙarshe yana ciki. Mai tura fina-finai da karatuttuka a kasuwa, wanda ya shekara yana tara abin da ke cikinta, ita ce jarinsa. Mai ɗaukar bidiyon biki da bai riga ya miƙa wa masu shi aikinsu ba. Malamin Islamiyya da ke naɗar karatun yara. Yawancinsu komai a Desktop suke zubawa, wato a ɓangaren C, daidai inda fomat ke sharewa. A ce wa irin wannan mutumin a goge komai saboda sauti, ai ƙona rumbu ne don a kashe ɓera. In ma an kwashe masa fayilolin, manhajojinsa fa? Saitinsa fa? Ga kuɗin aiki, ga kuɗin mota zuwa Funtua da dawowa, wanda tun cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda ya koma.

Abin takaicin ma, bayan an gama fomat ɗin sai a ɗauko filash ɗin nan dai, a sake ɗura mata direban da ya jawo matsalar tun farko. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: fayiloli sun tafi, sauti bai dawo ba. A nan ne za ka ji an ce, "To ka gani ko, na ce maka ƙonewa ta yi."

Ban ce masu gyara macuta ba ne, kada a yi mini mummunar fahimta. Na san halin da suke ciki. Mutum yana da kwamfuta biyar a gabansa, wuta ba tabbas, janareta na shan mai, kowa na cewa yau yake son tasa. Fomat hanya ce da ya haddace, ya san farkonta ya san ƙarshenta, ya san abin da zai karɓa. Bincike kuwa ba ka san inda zai kai ka ba. Mu ma masu kai gyara muna da namu laifin. In mai gyara ya danna maɓalli biyu sauti ya dawo ya ce a ba shi kuɗi, sai mu ce, "Haba malam, me ka yi?" Amma in ya riƙe ta kwana biyu ya goge komai, sai mu biya ba gardama don mun ga "an yi aiki". Mu da kanmu muka koya musu cewa sani ba ya kawo kuɗi, wahala ce ke kawowa. Wanda ya gyara maka a minti biyar bai taɓa fayil ɗinka ko ɗaya ba, shi ya fi cancantar ka biya shi da kyau, don abin da ya tsare maka ya fi abin da ya karɓa.

Kuma akwai lokacin da fomat ɗin ke da hujja. Windows ɗin da ƙwayoyin cuta suka cinye, ko irin wadda aka yanke mata sassa don ta yi sauƙi har aka haɗa da abin da sauti ke buƙata, wannan sake ta shi ne hutu. Amma a ƙarshen layi take, bayan an gwada na sama, kuma bayan mai ita ya kwashe kayansa da idonsa.

Haka nan ƙwayar takan mutu da gaske. Ruwa ko shayi ya zube a kibod, ko a jona laftof da amfilifaya a wurin biki ta hanyar da ba ta dace ba wuta ta biyo, duk suna iya kashe ta. To amma ana tabbatarwa, ba a baki ake faɗa ba. Na farko a shiga BIOS, a HP da F10, a Dell da F2, a ThinkPad da F1, a ga ko ba a kashe sautin daga can ba. Na biyu, a sa Ubuntu ko Linux Mint a filash a tayar da kwamfutar da shi ba tare da an girka ba. Ba ya taɓa komai naka. In sauti ya fito a can, ƙwayar lafiyarta ƙalau, matsalar ta Windows ce. Duk shagon da ke amsa sunan shagon gyara ya kamata a ce yana da irin wannan filash ɗin a aljihun tebur. In kuma ta tabbata ta mutu, kada wani ya ce maka sai an canza madabod. Akwai ɗan katin sauti na USB, bai fi girman filash ba, mai rami biyu na iyafis da makirfon, ana samunsa wurin masu kayan waya da kwamfuta. Kana soka shi Windows za ta gane shi. Lasifikar jikin laftof ɗin ba za ta dawo ba, amma za ka ji da iyafis ko lasifikar waje. Ta Bluetooth ma tana aiki, don ba ta bin ta wannan ƙwayar.

Sai maganar da na fi so matasanmu su ji, wato tushen abin. Me ya kai ka canza direban tun farko? In ka tambaya, amsar ba ta wuce biyu: ko dai "ina so ƙarar ta ƙaru", ko "wata manhaja ce ta ce direbobina 20 sun tsufa". Waɗannan manhajojin masu alƙawarin sabunta komai da danna ɗaya, ni ban ga amfaninsu a kwamfutar da ke aiki lafiya ba. Su lambar fitowa suke kallo: wannan ya fi wancan sabunta, shi ke nan a sa. Ba ruwansu da yadda HP ta haɗa wayoyinta. Ga cin data, wasu ma su shigo maka da tarkacen da ba ka nema ba. Direba ba tumatir ba ne da zai ruɓe don ya kwana biyu. Kwamfutar da aka ƙera a 2012, direbanta na wancan zamanin shi ne nata. Garin neman gira ake rasa ido. Batun ƙara kuwa, lasifikar laftof iyakarta ke nan, ka nemi ta waje ka huta.

Kada kuma wanda abin ya faru da shi ya ɗauka ƙauyancinsa ne. A watan Oktoba na 2018 Microsoft da kanta ta turo wani direban sauti na Intel ta Windows Update zuwa kwamfutocin da bai dace da su ba, mutane a ƙasashe daban-daban suka wayi gari ba sauti, sai da ta fito da wani gyaran na musamman don ya cire shi. A 2020 kuma, da Windows 10 ta fito da sabuntawar da ake kira 2004, sai da aka dakatar da ita ga kwamfutoci masu wasu direbobin Conexant saboda rikicin da suke haddasawa, ba a gama sakin su ba sai a 2021. Masu EliteBook da ThinkPad, wannan ƙwayar taku ce ake magana. In masu abin da kansu sun yi irin wannan tuntuɓen, ina ga filash ɗin da ya shekara biyar yana yawo daga shago zuwa shago?

Kuma ina hasashen abin zai ƙaru. Tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta rufe tallafin yau da kullum na Windows 10, yanzu kowa so yake a sa masa Windows 11, har a kan tsofaffin kwamfutocin da ba a yi ta dominsu ba. Ana iya tilasta mata ta hau, amma kamfanonin ba su fitar wa waɗannan tsofaffin direban Windows 11 ba. Sau da yawa na Windows 10 yana aiki a kanta, in dai kana da shi a hannu. Don haka kafin ka bari a canza maka Windows, ko ka taɓa kowane direba, kwashe waɗanda ke aiki yanzu ka adana. Soka filash, ka duba harafin da aka ba shi, a ce E ne. Buɗe folda a ciki ka sa mata suna direbobi. Nemi Command Prompt, ka danna dama ka zaɓi "Run as administrator", sannan ka rubuta:

pnputil /export-driver * E:\direbobi

Zai kwafe duk direbobin da aka ƙara wa kwamfutar zuwa wannan foldar. Ranar da sauti ya ɗauke, sai ka koma "Update driver", ka zaɓi "Browse my computer for drivers", ka nuna masa foldar, ka tabbata akwatin "Include subfolders" yana da alama, shi zai lalubo nasa da kansa. In harafin filash ɗinka ba E ba ne, sai ka canza shi a rubutun kafin ka danna Enter.